Ba a Tambayar Inda Doki Ya Tafi

Duk wanda ya shiga ɗakin gwaje-gwajen Farfesa Kamijo da safe, ba sai an gaya masa ko Hatsumi ta iso ba, hancinsa ne zai ba shi labari. Ta wanke hannu da sabulu iri-iri, ta canja riga, ta cusa gashinta cikin hula, amma warin barga ya ƙi rabuwa da ita. Abokan karatunta sun yi tsokana har sun gaji. Ita kuwa ko a jikinta. Tun tana shekarar farko a jami'ar nan ta arewacin Japan ta shiga ƙungiyar mahaya dawaki ta ɗalibai, ga shi yanzu tana shekarar ƙarshe ta digiri na uku a kan shinkafa mai jure sanyi, ba ta fasa sammako zuwa barga ba. Tsaranta duk sun watse, masu aiki suna aiki, masu aure sun yi. Ita kaɗai ta maƙale, kuma kowa ya san saboda wa.

Kuromame sunansa, wato baƙin wake, don baƙi ne wuluk kuma gajere, ga tumbi. Tsohon dokin tsere ne wanda bai taɓa cin tsere ba, abin da ya sa mai shi ya ba ɗalibai kyauta ke nan. A kansa Hatsumi ta koyi hawa, a kansa ta ci gasarta ɗaya tilo, shi ne kuma ya kayar da ita ta karya wuyan hannu, sannan ya tsaya a kanta yana shinshinar aljihunta ko akwai karas. Yanzu ya tsufa. Ƙafarsa ta baya tana kumbura idan sanyi ya shigo, tsallake shinge kuwa an daɗe da yafe masa. Aikinsa ya koma na ranar Lahadi, lokacin da ƙungiya ke buɗe ƙofa ga mutanen unguwa. Yara su yi layi, tsofaffi su zo da ɓawon tuffa da ganyen kabeji a leda, su tafi da buhun taki don lambunansu. Kuromame ne ke ɗaukar yaran, yana tafe yana gyangyaɗi, Hatsumi na riƙe da linzami.

Ɗakuna a bargar ƙidayayyu ne. Idan sabon doki zai shigo, dole wani ya fita. Tun farkon kaka labari ya bazu cewa wani mai dawaki ya yi wa ƙungiya alƙawarin matashin doki mai iya tsalle, wanda zai zo bayan sabuwar shekara. Ba wanda ya ambaci sunan wanda zai fita. Ba a bukatar ambata.

Idan doki ya fita, dillali Obara ke zuwa da motarsa. Ɗalibai su jeru a bakin hanya, su rusuna har motar ta ɓace. Sai shugaba ya ce an kai shi wani wurin hawa a karkara, kowa ya ce madalla. Wasu dawakan da gaske can suke zuwa. Tsofaffi da guragu kuwa, kowa ya san akwai mahauta a yankin, kuma kowa ya san abin da ya sa ba a tambaya. Hatsumi ta tsaya a wannan layin sau da dama, ta rusuna tare da kowa, ta ce madalla tare da kowa.

Amma ba za ta yi wa Kuromame haka ba. Tun lokacin zafi, da ta je garinsu ziyarar kaburburan iyaye, ta sami ƙanin mahaifiyarta, Kawu Genzo, a gonarsa ta tuffa.

"Doki?" in ji Kawu. "Ke Hatsu, mutane na kawo wa kawunsu miji ya gani, ke doki za ki kawo mini?"

"Ya fi miji sauƙin ciyarwa, Kawu."

"Yana cin tuffa?"

"Kamar ɓarawo."

"To na shiga uku." Ya yi dariya har da tari, sannan ya nuna tsohuwar rumfar da yake ajiye tsani da akwatuna. "Bari in gama tsinka, in gyara masa wancan. Tun da gyatumarki ta tafi ba ki taɓa roƙona komai ba. Kawo shi."

Wuri ya samu ke nan. Saura ta gaya wa ƙungiya, a nan kuma gizo yake saƙar. Ƙungiya ta ɗaliban digirin farko ce, su ke da taro, su ke yanke hukunci. Wanda ya gama, ko da shekara goma ya yi yana kwasar kashi, baƙo ne mai daraja kawai. Zai zo ya taya aiki, za a rusuna masa, a kira shi senpai, wato babban yaya, amma a taro can baya yake zama, kuma ba ya buɗe baki sai an tambaye shi. In Hatsumi ta ce, "Ku ba ni Kuromame," ta yanke musu hukuncin da ba su yanke ba tukuna, kuma ba mai iya ce wa senpai a'a. Ta tuna yadda su ma suka tsani wani tsohon ɗalibi mai shisshigi a zamaninsu, har suka raɗa masa suna. Ba ta son zama shi. Ban da haka, a can ƙasan ranta, tana tsoron in ta furta, ta buɗe wa dokin ƙofar fita da hannunta. Ta ce a ranta, ai kafin su yi komai za su zo su same ta, kamar yadda aka saba yi wa wanda ya daɗe da doki. Ranar nan za ta yi murmushi ta ce akwai wuri.

Ana cikin haka Farfesa Kamijo ya kira ta ofishinsa. Ba mugu ba ne, mutum ne dai da ya yi imani cewa duk abin da ba shinkafa ba ɓata lokaci ne. Ya tura mata babi na huɗu na kundin bincikenta, jan biro ya cinye shi kamar an yanka kaza a kai.

"Odagiri-san," ya ce, don shi da sunan gidansu yake kiranta, "jiya kin yi barci a tsaye kina auna iri. Na gan ki."

"Ka yi haƙuri, Malam."

"Ba haƙurina ake nema ba. Kwamitin da za ki kare aikinki a gabansa zai zauna kafin hutun sabuwar shekara. In kika wuce wannan zama, sai wata shekarar, kuma tallafinki ba zai kai can ba. Ban ce ki bar dawaki har abada ba. Na ce ki bar su har ki kare aikinki." Ya cire tabarau ya murza ido. "Doki zai jira ki. Kwamiti ba zai jira ba."

Washegari bayan an gama ba da abincin safe, ta tara 'yan ƙungiya ta gaya musu za ta ɗan bar barga har ta gama da kwamiti. Tazawa, shugaban ƙungiya, dogo ne mai kunya, ɗan aji uku, in yana magana da ita kunnuwansa har ja suke yi. Chiharu kuwa 'yar aji biyu ce mai baki kamar rediyo, ita ce Hatsumi ta damƙa wa kula da Kuromame.

"Ƙafar nan ta baya, ruwan ɗumi safe da yamma. Kada ki bari ya yaudare ki, in ya yi miki idon tausayi ƙarya yake, ya ci."

"Senpai, na sani. Sau nawa za ki faɗa? Ko uwata ba ta maimaita magana haka."

"Uwarki ba ta san ki kamar yadda na san ki ba."

Aka yi dariya. Tazawa ya rusuna ya ce, "Ki mai da hankali ga karatu, senpai. Mu ma muna son mu ce muna da dakta a barga. Ba za mu dame ki ba."

"Ko barga ta kama da wuta, ku kashe abarku, kada ku kira ni," in ji ta, aka sake dariya.

Da sauran suka watse, ita da Tazawa suka rage a bakin ɗakin Kuromame. Dokin ya zuro kai yana jan hannun rigarta. Maganar ta zo mata har kan harshe. Ta ga shi ma yana motsa baki, yana kallon ƙasa, kamar mai neman allura.

"Akwai wani abu ne, Tazawa-kun?"

"A'a. Babu komai. Ke fa, senpai?"

"Babu."

Ya rusuna, ta rusuna. Kowannensu ya tafi yana jin ya yi abin da ya dace.

Makonnin da suka biyo baya ba su da daɗin faɗa. Ta canja hanya, ta riƙa zagayawa ta bayan ɗakin karatu don kada ta bi ta gaban barga, domin ta san ƙafarta ba za ta wuce ba. Jikinta bai san an yi hutu ba, kullum da asuba sai ta farka firgigit, hannunta na neman takalman roba, sannan ta tuna. Ta sake lissafin babi na huɗu, ya ƙi, ta sake. Ganyen bishiyoyi ya zube, dusar ƙanƙara ta fara sauka. Warin barga ya bar jikinta, har wani abokin karatunta ya ce yanzu ba ya gane ta sai ya juyo. Ta yi dariya, amma abin ya sosa mata rai. Ranar Lahadi takan jiyo hayaniyar yara daga nesa, sai ta rufe taga.

Wata yamma aka ƙwanƙwasa ƙofar ɗakin gwaje-gwaje. Chiharu ce, da kayan barga a jikinta, riƙe da ƙunshin dunƙulen shinkafa. Ta tarar da Hatsumi zaune a ƙasa cikin takardu, ido ya faɗa, gashi a hargitse, ta gama kuka ke nan saboda Farfesa ya sake dawo da babin.

"Senpai..." Chiharu ta tsaya. Yarinyar da ba ta iya shiru ko a jana'iza, yau ta rasa bakin magana.

"Mene ne? Ƙafarsa ce?"

"A'a, ƙafarsa lafiya. Yana ci, yana sata." Sai ta tambaya, "Yaushe ne ranar kwamitin?"

"Alhamis ta sama."

"Alhamis ta sama," Chiharu ta maimaita a hankali. Ta dubi takardun, ta dubi fuskar Hatsumi. Sai ta ajiye ƙunshin a kan tebur ta rusuna. "Abinci kawai na kawo. Ki daure, senpai. Duk muna bayanki."

Hatsumi ta ji a jikinta cewa ba abinci ne ya kawo yarinyar ba. Tambaya ɗaya za ta yi, Chiharu ta zazzage komai. Amma ta dubi babi na huɗu, ta ji ba ta da wurin ajiye wata damuwa, ko ƙanƙanuwa. Ta ce a ranta wataƙila faɗa suka yi da Tazawa, ko kuwa wani ya fita daga ƙungiya. Sabon doki ai sai bayan sabuwar shekara. Ta ce, "Na gode, Chiharu-chan," ta bar ta ta tafi.

Kawu Genzo ya kira sau ɗaya a tsakani. Ya gama rumfa, ya sa sabuwar ƙofa, ya toshe inda iska ke shiga. "Ni ban taɓa yi wa kaina ɗaki mai kyau haka ba," in ji shi. Ta ce masa bayan Alhamis za ta yi magana da yaran, in sun yarda sai a sa rana.

Alhamis ta zo. Ta tsaya gaban malamai biyar cikin baƙar kwat ɗin da ta aro, ta yi bayanin shinkafarta. Suka yi mata tambayoyi, wani tsoho daga wata jami'a ya so ya ƙure ta, ta amsa. Suka fitar da ita, suka dawo da ita. Farfesa Kamijo ya miƙe, abin da bai saba ba, ya ce, "Kin yi ƙoƙari." Ta rusuna har gashinta ya rufe mata fuska. Ko jakarta ba ta koma ɗauka ba. Ta biya kantin jami'a ta sayi karas, ta nufi barga da takalmin ofis cikin dusar ƙanƙara, tana zamewa tana dariya ita kaɗai.

Tun daga ƙofa ta yi masa fito irin wanda ya sani. Ba haniniya. Ta ƙarasa ɗakin ƙarshe. Wani jan doki dogo, mai farin goshi, ya ɗago kai ya dube ta, ya ja da baya yana hura hanci.

Ta tsaya da ledar karas a hannu. Ta leƙa ɗakin da ke kusa, ta leƙa na gaba, ko an canja masa wuri. Da ta juyo, duk sun fito sun jeru, Tazawa a gaba. Ya durƙusa a kan simintin nan mai sanyi, ya kai goshi ƙasa.

"Senpai, ki gafarce mu. Mai dokin ya ce ba zai iya jira ba, ko mu karɓa a watan nan ko ya ba wasu. Muka yi taro. Kuromame ya tafi ranar Asabar."

"Asabar."

"Mun yi ta gardama a kan ko a gaya miki. Muka ga saura kwana kaɗan ki kare aikin shekaru. Muka ce in muka gaya miki, ba abin da zai canja sai dai mu karya ki. Ni na yanke. Laifina ne." Sai ya ƙara da abin da shugaba ke faɗa: "An kai shi wani wurin hawa a karkara."

A nan ne ake cewa madalla. Duk suna jira ta faɗa.

"Ina da wuri," in ji Hatsumi. Muryar ta fito siririya, kamar ba tata ba. "Kawuna ya gyara masa ɗaki a gonarsa. Tun lokacin zafi muka yi magana."

Tazawa ya ɗago kai. Jinin fuskarsa ya tsere. Chiharu ta yi wata ƙara, ta toshe baki da hannu biyu, sannan ta cire.

"Tun lokacin zafi? Senpai, me ya sa ba ki faɗa ba? Na kira wurare har na haddace yadda ake cewa a'a! Na roƙi babana, mu da ke zaune a bene, ko fili ba mu da shi! Me ya sa ba ki faɗa ba?"

"Chiharu!" wani ya tsawata mata.

"Ƙyale ta," in ji Hatsumi. "Na ɗauka za ku tambaye ni."

"Mu tambaye ki? Mu ce wa senpai ta ɗauki nauyin dokin da mu muka kasa riƙewa? Da wane baki?"

Ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu, ba wanda ya yi mugunta, abin da ya fi ci wa Hatsumi rai ke nan. Da akwai mugu guda ɗaya a wurin, da ta sami wanda za ta shaƙe. Ta miƙa wa Tazawa hannu ta ce ya ba ta lambar Obara. Ya yi jinkiri, don a tarihin ƙungiya ba a taɓa yi ba. Sannan ya ba ta.

Ta fita bayan barga, wajen tulin taki, ta kira.

"Obara-san, Odagiri ce, daga ƙungiyar jami'a. Baƙin dokin da ka ɗauka ranar Asabar, ina yake?"

Tsohon dillalin ya ce:

"'Yata, tun ina saurayi nake ɗaukar dawakinku, ba wanda ya taɓa yi mini wannan tambayar. Ki bar ta yadda aka gaya miki."

"Ina da wuri. Zan biya duk abin da ka kashe. Ko ina ne zan je yau."

"Kash." Ya ja dogon numfashi. "Na riƙe shi a gidana, na ce ko wani zai waiwayo. Doki mai hankali, jikata har ta hau shi. Na tambayi yaron nan shugabanku, babu wani tsohon ɗalibi mai so? Ya ce akwai wadda ta fi kowa sonsa, amma tana cikin jarrabawa, ba a taɓa ta." Sannan ya ce, "Shekaranjiya babbar motar mahauta ta zo. Ba inda zan kira miki, 'yata. Ki yi haƙuri."

Shekaranjiya tana zaune tana gyara girman haruffa a allunan da za ta nuna wa kwamiti. Ta tuna sarai, don har ta ji daɗin yadda suka fito.

Ta jingina da bangon barga, ta sulale ta zauna cikin ƙanƙara da kwat ɗin aro. Kuka ya zo mata irin wanda ba ta yi ba tun rasuwar mahaifiyarta, mai fita da sauti, mai ciwo a haƙarƙari. Ta yi kukan dokin, ta yi kukan yammar da Chiharu ta tsaya a ƙofa ita kuma ta zaɓi babi na huɗu. Ba ta san lokacin da Chiharu ta zo ta tsuguna kusa da ita ba.

Ta tagar ɗakin taro tana hango abin da suka shirya mata. An ja tebura, tukunyar miya na tururi, an rataya farin ƙyalle da sunanta da kalmar taya murna. Har tsofaffin unguwa sun zo, suna zaune da kofuna a hannu, ba su san abin da ke faruwa a waje ba.

Sai ga ƙarar mota daga ƙofar jami'a, tana tahowa a hankali saboda santsi. Motar ɗaukar dabbobi ce, tsohuwa, shuɗiya. Ta tsaya a gaban barga. Kawu Genzo ya diro yana buga hannuwa saboda sanyi, fuskarsa cike da fara'a.

"Ina daktar? Hatsu! Na ce ba zan gaya miki ina zuwa ba, kada in raba miki hankali. Aron motar nan na yi wurin maƙwabci, tun safe nake hanya." Ya dubi ɗaliban da suka fito suka yi cirko-cirko, ya rusuna musu. "Ku ne yaran? Sannunku da ƙoƙari. Ba yau zan ɗauke shi ba in ba ku shirya ba, na dai ce in zo mu gaisa, ya ga motar ya saba."

Ya zagaya baya, ya zare sakata, ya sauke ƙofar. Ya shimfiɗa sabuwar ciyawa a ciki, mai kauri, ya ɗaura tsofaffin barguna a jikin ƙarafan don kada dokin ya bugu a hanya.

"To," in ji shi, yana karkaɗe hannu. "Wanne ne nawa a ciki?"

Tazawa ya buɗe baki zai faɗi abin da shugaba ke faɗa. Hatsumi ta miƙe, ta dafa kafaɗarsa ya yi shiru. Ta taka zuwa wurin kawunta, ƙanƙara na narkewa a takalminta.

"Kawu," ta ce, "an yanka shi shekaranjiya. Ban faɗa musu kana jira ba."